Furobayotik a abincin kifin turawut: ina ake yin kuskure?

Malam Garba: To, saƙonni sun yi yawa kan furobayotik ɗin nan, wato bakteriya masu rai masu amfani ga hanji, da ake bai wa turawut, kifin ruwan sanyi, a gonakin kifi na Turkiyya da Iran. Tambayar kowa ɗaya ce, wai yana aiki?

Hadiza: Yana yi, Malam, in dai ƙwayoyin sun isa hanjin kifin da ransu. Injin da ke matse abincin zafinsa ya haura digiri 100. Ka zuba bakteriyar Pediococcus acidilactici cikin garin abincin tun farko, to gawa ka ciyar. Sai abincin ya fito ya huce tukuna, a dama bakteriyar cikin man kifi, a fesa, a juya har kowace ƙwayar abinci ta jiƙa. Bacillus, wani nau'in bakteriyar, ne mai ɗan jure zafi, shi yana da ɓawon da yake ƙulle kansa.

Auwalu: Yaya Hadiza, Pediococcus ɗin nan ba dangin masu tsinka madara ba ne? Ashe kindirmo ake ba kifi!

Malam Garba: Saura fura kenan.

Auwalu: Da ludayi, a ƙwarya.

Malam Garba: Turawut da ke zaune a ruwa mai digiri 14, ai sai fura mai ƙanƙara.

Hadiza: Ku bar furar nan haka. Pediococcus ɗin ne fa Tarayyar Turai ta amince a sa wa dangin kifin salmon, har da turawut, a 2009, kuma abin da ya ja hankali shi ne raguwar karkacewar ƙashin baya a ƙananan kifi. Yawanci ana son ƙwayoyi masu rai miliyan 1 zuwa 100 a kowane giram na abinci. A ajiye garin furobayotik ɗin a firji, a haɗa na 'yan kwanaki kawai, don a sito mai zafi mutuwa suke yi. Kuma kullum ake bayarwa. Ka daina, ba da jimawa ba sun ɓace daga hanjin.

Auwalu: In cutar jan baki ta shigo fa?

Hadiza: Wadda bakteriyar Yersinia ruckeri ke jawowa? Wannan sai rigakafi da likitan dabbobi. Ka haɗa furobayotik da maganin kashe bakteriya, maganin na iya kashe shi, kuɗinka sun bi ruwa.

Malam Garba: Mun so taɓa batun farashi, lokaci ya ƙure. Sai mako mai zuwa.