Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake gane lafiyar daji?

Jama'a, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko daga wani direban tirela ce mazaunin Agege a Legas. Ya ce duk sanda ya bi hanyar Ijebu-Ode zuwa Ore, daji yake gani kore shar dama da hagu, to me ya sa ake ta kukan dazuzzukan Kudu na ƙarewa?

Malam, Allah ya kiyaye hanya. Ganin bakin titi bai isa shaida ba. Ma'aikatan gandun daji sukan shata fili hekta ɗaya, wato mita 100 kowane ɓangare, su ƙirga duk bishiyar da kaurinta ya kai santimita 10. A kurmin da ba a taɓa ba, akan samu 400 zuwa 600. Sai dai ƙirga kaɗai tana yaudara. Da an sare manyan itatuwa rana ta samu shiga, sai ƙanana su tsiro rututu. Yawa yana nan, daji kuwa ya rame. Shi ya sa ake haɗawa da awon nauyi.

Wannan ya kai mu ga wata hajiya daga unguwar Mile 12 a Legas, mai tambayar yadda ake sanin nauyin bishiya tana tsaye.

Hajiya, da tef ake farawa. A zagaya shi jikin bishiyar daidai ƙirjin mutum, mita 1.3 daga ƙasa, a raba abin da aka samu da 3.14, kauri ya fito. Irin su rimi masu faffaɗan gindi kuwa, sai an kafa tsani an auna sama da inda gindin ya baje. Daga nan a ƙiyasta tsayi, a duba irin icen. Duk kafintan da ya sayi katako a Ebute Metta ya san iroko ya fi obeche nauyi nesa ba kusa ba. Kusan rabin nauyin busasshen ice sinadarin kabon ne da bishiyar ta zuƙe daga iska.

Abin da ke damuna shi ne, in kauri ya ninka biyu, nauyi ya fi ninki huɗu. Ke nan 'yan tsirarun tsofaffin itatuwa ne ke ɗauke da yawancin nauyin daji, kuma su mai zarto yake fara nema, ko a dajin Omo na jihar Ogun inda har yanzu akwai giwaye.

A watan Afrilun 2025 hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Biomass don wannan awo daga sama. Duk da haka, sai an gwada lissafinsa da na mai tef a ƙasa.