Kyamarar gama ba ta faɗa maka ranar da ta fara kuskure

Lacca ga ɗaliban fiziks a Garwa

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Kyamarar gama, wato na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki da hasken gama (gamma), wadda Hal Anger ya ƙirƙiro a Amurka a 1957, ba ta harba haske cikin jiki. Allura ake yi wa majinyaci da sinadari mai fitar da haske, galibi teknishiyam-99m, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan awa 6. Sai kyamara ta riƙa ƙirga hasken da ke fitowa daga ƙashi ko ƙoda ko zuciya.

To ga inda gizo ke saƙa. Na'urar nan ko ta fara lalacewa, hoto zai fito tsaf. A cikinta akwai farantin kiristal na sodiyam ayodayid, a bayansa an jera bututu masu mayar da walƙiyarsa lantarki. Bututu ɗaya ya yi rauni, sai tabo ya bayyana a hoto. Likita ya ga tabo a zuciyar bawan Allah, alhali tabon na na'ura ne. Ku tuna mutumin da ya taso daga Marwa, ya kwana cikin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde don a ɗauke shi wannan hoto, da kuɗin da dangi suka harhaɗa. Haƙƙinsa yana wuyanmu.

Shi ya sa kowace safiya, kafin majinyacin farko, ake ɗora farantin kobal-57, shi ma sinadari mai fitar da haske, a fuskar kyamara, a duba ko hoton ya fito bai ɗaya daga gefe zuwa gefe. A duba ko na'urar tana karanta hasken teknishiyam a ƙarfinsa na 140 keV daidai. In mai kewaya jiki ce, wato SPECT, lokaci-lokaci a gwada cibiyar juyawarta. In ta goce, ɗigo ɗaya sai ya koma zobe a hoto. Na'urar auna ƙarfin sinadarin allurar ma ana gwada ta da sinadarin siziyam-137. Duk a rubuta a littafi, don sakamakon wata shida a jere shi ke nuna na'urar da ke zamewa a hankali.

Masu neman digiri na biyu, ga aikinku. Kiristal ɗin nan ba ya son laima, yana kuma iya tsagewa in zafin ɗaki ya sauya farat ɗaya. Mu kuwa zafinmu a Afrilu ya wuce digiri 40, wuta na ɗaukewa, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ga ƙurar hunturu, ga laimar Agusta. Bayan wuta ta dawo, awa nawa bututun nan ke ɗauka kafin su daidaita? Gwajin safe kaɗai ya isa a ranar da aka ɗauke wuta da azahar? Ni a ganina bai isa ba, amma lissafi nake so ku kawo mini.

Babban Asibitin Yawunde yana da sashen wannan aiki. Ku nemi izini ku zauna da ma'aikatansa, ku koyi gwajin da hannunku, ku riƙa rubuta zafin ɗaki kusa da kowane sakamako.