Kofin tseren Dakar na kamfani ne, inji ake son sayar mana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk shekara da Janairu ya kama, wayoyin mutanen Kano sai su cika da bidiyon motoci suna tsalle a kan tudun rairayi a ƙasar Saudiyya, ƙura ta turnuƙe a bayansu. Tseren Dakar ke nan. Kuma duk shekara maganganu biyu ne ke biyo baya. A majalisa za ka ji ana cewa almubazzaranci ne, kamfani ya rasa yadda zai yi da kuɗi, ya ƙera sabuwar mota don kawai a je a ragargaza ta a daji. A wajen dillalan mota kuwa, wani zai dafa bodin Hilux ya dubi mai saye ya ce, "Alhaji, ai irin wannan ce ta cinye tseren sahara." Maganar farko rashin sani ne, ana iya yafe ta. Ta biyun ita ce ke ba ni haushi, don da ita ake cin kuɗin mutane.

Masu cewa almubazzaranci ne ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kamfanin da ke lissafin kowane noti da kowace waya kafin ya saka a mota ba ya zubar da dukiya don nishaɗi. Kasuwa yake nema, talla yake yi, kuma mu ake yi wa tallar.

Ku dubi Toyota. A 2019 direban nan ɗan ƙasar Katar, Nasser Al-Attiyah, ya ci tseren da Hilux mai inji fulogi takwas, babu turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, a jikinsa. Inji ne da ya riga ya kawo kofi gida, ba wanda ya ce ya gaza. Amma a 2022 sai kamfanin ya ajiye shi, ya fito da sabuwar motar tsere mai fulogi shida da turbo biyu. Me ya faru a tsakani? A 2021 Toyota ta fitar da Land Cruiser 300, kuma a cikinta ta yi watsi da fulogi takwas ɗin da masu Land Cruiser suka saba da shi shekara da shekaru, ta sa fulogi shida mai turbo biyu. Wannan injin, shi aka ɗauka aka dasa a motar tseren. Masu sayen Land Cruiser a ƙasashen Larabawa da Afirka da Ostareliya mutane ne da ke tsoron ƙaramin inji mai turbo. Suna cewa ba ya jure zafi, ba ya jure ƙura, zai bar mutum a inda babu ko bukkar mai shayi. Kamfani ba zai bi su gida-gida yana rantsuwa ba. Sai ya kai injin cikin hamada mafi tsanani, ya yi tafiyar kusan kilomita 8,000 cikin mako biyu a gaban kyamarorin duniya. Al-Attiyah ya ci a 2022, ya sake ci a 2023. Tsoron nan na masu saye aka je kashewa a cikin rairayi, kofi tukuici ne.

Wani zai ce a'a, ƙarin ƙarfi suke nema. To ai dokar tseren ta ƙayyade ƙarfin inji, wajen ƙarfin doki 400 aka tsayar wa motocin ajin a lokacin, ko da turbo ko babu. Abin da ya fi sauya motar a filin tsere ma shi ne sabuwar dokar 2022 da ta ba su damar sa manyan tayoyi masu inci 37 maimakon 32, bayan sun sha fashewar taya a shekarar da ta gabata. In dai ƙarfi ne kawai, me ya sa Ford ta shigo 2025 da Raptor mai fulogi takwas ba turbo? Saboda tana da irin wannan injin a kasuwa, kuma tana son a ji rugugin sa. Audi kuwa motar da lantarki ke juya tayoyinta ta kawo, don motocin lantarki take son a saya. Carlos Sainz ya ci mata tseren 2024, tana karɓar kofi ta tattara kayanta ta fice. Wanda ya zo don son wasa ba ya tafiya ranar da ya yi nasara. Wanda ya zo talla, da ya gama sai ya naɗe tabarmarsa.

Kuma ba yau aka fara ba. Tun tseren yana tashi daga Faris a ƙarshen 1978, yana ratsa Agadas a maƙwabciyarmu Nijar kafin ya dire a Dakar, babban birnin Senegal, haka abin yake. Peugeot ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990 da motoci masu turbo, a zamanin da sunanta ke kan kowace hanya a Arewa saboda masana'antar Kaduna. Mitsubishi ta ci sau 12 da Pajero, har sunan ya zama abin alfahari a bakin masu kuɗi. Da tattalin arzikin duniya ya karye, a 2009 ta janye. Ba ta yi wa hamada kara ba.

Ban ce ba a koyon komai a can ba. Ana koya. Turbo na'ura ce da hayaƙin inji ke juya ta, ita kuma ta danno iska mai yawa cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba da mai kaɗan. Tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da har ƙarfe kan yi ja. Abokan gabanta uku ne: zafi, da ƙura, da gurɓataccen baƙin mai. Hamada tana da biyun farko har sun yi yawa, don haka injiniya zai dawo da ilimin yadda ake sanyaya inji da tace iska. Wannan gaskiya ne. Ko nawa ne daga cikin wannan ilimin ke isowa motar da ake sayarwa a shago, nan ne nake da ja, domin kamfanoni sun fi son su nuna mana motar tana tashi sama fiye da su nuna mana abin da suka gyara.

Yanzu ga inda dillali yake zaluntar mai saye. Motar da ta ci Dakar ba Hilux ɗin da ke ajiye a filinsa ba ce. Suna da fitilu da siffar fuska kawai suka haɗa. Ƙashin waccan bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda da hannu a Afirka ta Kudu, fatar jikinta wani abu ne mara nauyi da aka yi wa fenti. Ba ta da bayan ɗaukar buhun masara. Kusan kowane dare, da ta iso sansani, makanikai ke rufar mata da fitilu, a ɗaga ta, a kwance abin da ya gaji a sa sabo, a sauya matatar iska, a duba mai, a jona kwamfuta a karanta duk abin da inji ya yi tun safe. Ban da kwana ɗaya ko biyu da doka ta ce direba da mataimakinsa su yi da kansu, haka take samun gata har a gama. Kamar dokin hawan sallah ne da ake yi wa wanka da dawa da kanwa, sannan a nuna maka shi a ce haka kowane doki a kasuwa yake.

Namu fa? Motarmu tana shaƙar ƙurar hunturu wata uku ba a buɗe matatar iska ba. In an buɗe, yaron gareji ya buga ta a jikin taya sau biyu, ya hura da baki, ya mayar. Juye sai mai ya yi baƙi ƙirin, kuma wanda za a zuba na bakin titi ne a cikin gora, ba wanda ya san daga ina ya fito. Direba ya taso daga Abuja a guje, yana shiga gida ya kashe mota nan take, turbo na tafasa, man da ke cikinta ya ƙone ya daskare. Tsohon inji mai fulogi takwas yakan haƙura da wannan wulaƙanci shekaru. Mai turbo ba shi da wannan haƙurin. Wata rana sai a ga shuɗin hayaƙi yana fita ta salansa, mota ta daina ja, a ce ai kamfani ne ya yi algus.

Kuma injinan nan suna tafe, ko muna so ko ba ma so. Dokokin hayaƙi a Turai da sauran manyan kasuwanni sun tilasta wa kamfanoni rage girman inji, mu kuma abin da suka gama hawa shi ke sauka a hannunmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a garin nan yana neman motar da ba ta sha, dillali kuwa ya san haka. Zai ce maka ƙaramin inji ne, ba ya shan mai, ga shi ya ci sahara. Ba zai gaya maka nawa ake sayar da turbo a Ƙofar Ruwa ba, ko ta asali ce ko wadda aka ciro daga mushen mota aka wanke da fetur.

Kamfani ya kashe dukiyarsa ya koya wa duniya yarda da injin. Bai kashe ko sisi ya koya wa makanikin unguwarku yadda ake kula da shi ba, don wannan ba ya fitowa a talabijin. Ƙungiyoyin makanikai da makarantun koyon sana'a na jihar nan su ne ya kamata tuni sun tara yara suna buɗe turbo a kan tebur, suna koyon karanta na'urar gwaji. Har yanzu a gareji da yawa, in turbo ta fara kuka, shawarar da ake ba mai mota ita ce a toshe ta, ko a cire injin gaba ɗaya a nemo tsoho a dasa.