Amsoshin Tambayoyinku: Ƙiba, Gorin Mutane da Maganar Rage Jiki

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan satin saƙonnin da suka shigo kan maganar ƙiba sunfi ƙarfin lokacinmu, shi yasa na zaɓo guda biyar, kuma kamar yadda muka saba bazan faɗi sunan kowa ba.

Na farko daga wata ƙanwata ne a Zariya, tace: "Anti dan Allah ki taimaka min. Shekarata 24, nauyina kilo 98, tsawona mita 1.62. Tun ina firamare ake cemin buhu, har a gida yayyena basa kiran sunana. Na daina zuwa biki saboda anko, in tela yazo aunani ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu wuni nake banci komai ba sai ruwan zafi da lemon tsami, amma da daddare sai haƙuri ya ƙare in ci abinda yafi na da, in kwanta ina kuka."

Ƙanwata, wallahi sau uku na karanta saƙon nan kafin in shigo. Kafin mu taɓa maganar kilo bari in fara da yayyen naki in suna jina. Allah ya hana wannan abin ƙarara a Suratul Hujurat aya ta 11, kada wasu su yi wa wasu izgili, kada kuma a riƙa jifan juna da munanan laƙabi. Ku a wajenku wasa ne, ita kuma shekara da shekaru tana haɗiyarsa. Kuma masu cewa ai gori ne zai sa ta dage ta rame, ku dubi abinda gorin ya haifar, yarinya ta daina fita, ta daina shiga mutane, tana cin abinci a ɓoye cikin dare. Wanda aka kunyata ɗaki yake shigewa, baya fita tattaki, baya son zuwa asibiti dan kar a ɗora shi a sikeli gaban jama'a.

Sannan ƙiba ba ci kaɗai ke kawota ba, akwai gado, akwai ƙarancin bacci, akwai wasu magunguna, akwai matsalar sinadaran jiki. Kina iya ganin 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya, wannan siririya wannan mai jiki. Ke musamman inaso ki lura, in al'adarki tana tsallake watanni ko kina ganin gashi na fito miki a haɓa, ki gaya wa likitar mata, akwai lalurar da ake kira PCOS da take tafiya da ƙiba kuma ana kula da ita.

Toh maganar yunwar nan, ki daina ta daga yau. Ba rashin ƙoƙarinki bane yasa kike karyewa da daddare, haka Allah ya gina jiki, in ka hana shi abinci wuni guda zai taso maka da yunwar da ba mai iya tareta, kuma abinda zai nema mai maiƙo ne da zaƙi. Ruwan zafi da lemon tsami baya narka kitse, in ma yayi yawa sai ya cinye miki haƙora. Ki karya da safe da abu mai riƙe ciki, ƙwai ko wake ko alala, ki ci na rana, na dare ya zama da wuri kuma ba mai nauyi ba.

Bazan ɓoye miki ba, in aka yi lissafin da likitoci keyi, a raba nauyi da tsawo sau tsawo, naki ya kama wajen 37, kuma daga 30 zuwa sama ake cewa ƙiba ta kai wadda za'a sa mata ido. Amma ba wai sai kin koma kilo 55 sannan lafiya zata zo ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, a wajenki kilo 5 zuwa 10 kenan, ya isa ya taɓa hawan jini da suga da yadda kike numfashi in kin hau bene. Rabin kilo a sati ma tafiya ce mai kyau. Tuwon da kike ci malmala biyu ya koma ɗaya da rabi sannan ɗaya, miyar ta yawaita, kuka ko kuɓewa ko taushe mai kabewa da alayyahu, ga kwaɗon zogale da na rama, duk abincinmu ne ba sai kin nemo wani abu daga kanti ba. Inda zaki sa ido shine mai, dan cokalin cin abinci ɗaya na mangyaɗa kalori kusan 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa a garau-garau.

Kuma dan Allah bikin nan na gaba kije. Ki kai ɗinkin wajen tela mace in hakan yafi miki, a ɗinka miki daidai jikinki na yanzu, kar ki ajiye atamfa a akwati kina jiran ranar da zaki rame. Jikin nan shi yake kaiki makaranta, shi yake miki ruku'u da sujada, amana ce a hannunki, kuma mutum baya iya kula da abinda ya tsana.

Na biyu daga wani Alhaji ne ɗan kasuwa a Maraɗi, shekararsa 47. Yace tumbi ya fito masa abokai na cewa kuɗi ne suka zauna, amma mahaifinsa ciwon suga ne ajalinsa, sannan uwargida tace yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa. Yana tambaya wai ya damu ko ya share.

Alhaji ka damu, amma damuwar da zata kaika awo. Kitsen ciki daban yake da na cinya ko na hannu, shi a ciki yake zagaye da hanta da hanji, kuma shine yafi alaƙa da suga da hawan jini. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka ta wajen cibiya, ba inda kake ɗaure wando a ƙasan tumbi ba. Ga namiji in ya wuce santimita 94 an fara shiga haɗari, in ya kai 102 abin yayi nisa, ga mace kuma 80 da 88 ne. Hanya mafi sauƙi ma, awon cikinka kar ya wuce rabin tsawonka. Nasan zaman shago, mai shayi ya kawo da safe da madara da suga cokali huɗu, rana tayi zafi a kawo lemo mai sanyi, baƙo yazo a sake kawowa. Robar lemo ɗaya ta 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wanda shine gaba ɗaya iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a wuni, har tace in an tsaya a rabin haka yafi. In wannan kaɗai ka cire ka koma ruwa ko zoɓo mara suga ka yi babban aiki. Akwai binciken da aka fitar a Amurka a 2002 kan mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, waɗanda aka ɗora kan rage kusan kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har sunfi waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga. Gado ba hukunci bane kenan. Ka ajiye babur ka taka zuwa masallaci da sauri-sauri, kaje a auna maka suga kafin ka karya da kuma hawan jini, maganar ɗaukewar numfashin nan kuma ka faɗa wa likita da bakinka dan tana wahalar da zuciya.

Na uku ya sosa min rai. Wata amarya daga Gusau tace kafin bikinta ƙawaye sukace ta cika rama miji zai raina ta, suka kawo mata ƙwayoyin sha ka fashe, yau wata takwas tana sha, fuskarta ta kumbura tayi zagaye, nankarwa ta fito mata a ciki, ga ƙuraje, ƙafafunta kuma sai sirancewa suke. Tace gobe-gobe zata zubar da su.

'Yar'uwa tsaya, kar ki daina lokaci ɗaya. Yawancin abinda ake sayarwa da wannan sunan dexamethasone ne, wani lokacin a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki da sa bacci. Shi dexamethasone magani ne mai ƙarfi na asma da kumburi, abinda kike gani a fuskarki ba ƙibar lafiya bace, ruwa ne da kitsen da ya taru inda bai kamata ba, kuma yana hawar da jini da suga, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. In an daɗe ana sha, wasu 'yan halittu dake saman ƙoda da suke samar da irin wannan sinadarin sai su kwanta su daina aiki, ranar da aka yanke shi kwatsam jini na iya faɗuwa mutum ya sume, har rai ana rasawa. Ki ɗauki kwalin ko ledar kije asibiti da ita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin, likita zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan, in kuma akwai yiwuwar ciki ki faɗa tun a bakin ƙofa. Wannan abu ba mu kaɗai ba, a Nijar da Sudan ma mata na fama dashi. Jama'a ku duba fa, ta Zariya tana kashe kanta da yunwa dan ance tayi ƙiba, ta Gusau tana haɗiyar guba dan ance ta rame, kuma ba wadda likita ya aika, bakin mutane ne ya aike su duka biyun.

Na huɗu gajere ne, wata Hajiya daga zangon Kumasi na tambaya kan shayin rage tumbi da ake talla a Facebook da TikTok, da kuma allurar nan Ozempic. Hajiya yawancin shayin nan filasko ne a ciki, gudawa zai saki, sikeli ya sauka kwana biyu dan ruwan jikinki ya fita, kitse na nan inda yake, in an daɗe kuma hanji ya saba sai da shi. An sha kama wasu da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ita allurar kuwa magani ce ta gaske, asalinta na masu ciwon suga, kuma a gwajin da akayi da irinta mai suna Wegovy mutane sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu cikin wata goma sha shida, sai dai waɗanda suka daina, kashi biyu cikin uku na abinda suka rage ya dawo cikin shekara. Ga tsada, ga tashin zuciya, mai ciki bata yi, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. In za'a yi to a hannun likita, ba a hannun mai talla ba.

Na ƙarshe daga Kano, uwar 'ya'ya huɗu, tana shayar da na wata biyar. Tace tun haihuwar fari jikinta bai koma ba, gwiwa na ciwo, bata cika fita ba, maigida kuma kullum sai yace ta zama uwar mata, ba haka ya aurota ba.

Maman yara sannu da ƙoƙari. Mai shayarwa bata horar da kanta da yunwa, ki ci ki ƙoshi, abinda zaki rage shine sugan kunu da soye-soye da lemo, kunun kanwa ma a sassauta dan gishirin cikinsa na tara ruwa a jiki yana wahalar da zuciyar mai jego. Rashin fita bai hana motsi ba, tsakar gida ta isa, minti 10 bayan kin karya, 10 bayan la'asar, 10 bayan isha, kwana biyar a sati kin haɗa minti 150 ɗin nan. Ki zauna kan kujera ki miƙe sau goma, ki huta ki sake, yana ƙarfafa cinya ya ɗauke wa gwiwa nauyi, kuma duk kilo ɗaya da kika sauke kusan kilo 4 ne kika ɗauke wa gwiwar a kowane taku. In tana kumbura ko tana hanaki sallah a tsaye a duba ta.

Malam maigida kai kuma, jikin nan 'ya'yanka huɗu ya ɗauka. Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa sun yi tsere da Annabi sallallahu alaihi wa sallam a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, sai yace mata wannan ramuwar waccan ce. Tsere ya sake gayyatarta bayan tayi jikin, bai goranta mata ba. In da gaske lafiyarta ce ta dameka, ka riƙe jaririn minti goman nan, ka sayo kifi da ganye maimakon katan ɗin lemo, in gari yayi sanyi da yamma ku fita ku taka tare.

Lokaci ya cimmana. Masu tambaya kan yara ƙanana masu ƙiba da masu tambaya kan allurar tazarar haihuwa na ga saƙonninku, da su zamu buɗe sati mai zuwa in Allah ya kaimu. Wassalamu alaikum.