Kayoti, Dilan Amurka: Yadda Za Mu Tsare Dabbobinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata, 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Maganar da aka ɗora wa kwamitinmu ta fi shafar waɗanda suka bar tsakiyar Greensboro suka koma gefen gari da ƙauyukan gundumar Guilford a jihar Karolina ta Arewa, inda fili ya wadata har mutum ya ajiye kaji, ko 'yar akuya, ko kyanwar da yara suka nace a kawo. Mai ɗauke su shi ne kayoti. Wanda ya san dila a gida ya kusa saninsa, sai dai wannan ya fi dila jiki, yana kai kilo 9 zuwa 20. Kunnuwansa a tsaye, bakinsa siriri, jelarsa mai gashi ce da baƙi a ƙarshe, kuma in yana gudu a ƙasa yake riƙe ta, ba kamar kare ba. Tun 2005 babu gunduma ɗaya cikin gundumomi 100 na Karolina ta Arewa da ba ya ciki.

Asalin abincinsa ɓera ne da zomo da 'ya'yan itace da mushe. Binciken da Farfesa Stanley Gehrt na Jami'ar Jihar Ohio ya fara a yankin Shikago a 2000 ya nuna dabbar gida kaɗan ce ƙwarai a cikin abin da yake ci. A unguwannin Los Angeles kuwa, inda maguna ke yawo sakaka, an sami gashi ko ƙashin kyanwa a kusan ɗaya cikin biyar na kashinsa da aka duba. Dabba ɗaya ce, abin da aka bar mata a fili ne ya bambanta.

To me muke bari a fili? Kwanon da ake zuba wa kyanwa sauran shinkafa da ƙashin kaza a ƙofar kicin, ya kwana a waje. Kwandon shara marar murfi. Hatsin da ake zuba wa tsuntsaye, wanda ke tara ɓeraye, su kuma su ja kayoti. Sai kuma namu na musamman, wato layya. Rago a turke, a fili, da dare, ba shi da wurin gudu, igiyar da ta hana shi ɓata ita ce ta miƙa shi. In an yanka, bayan an tabbatar dokar wurin ta yarda, tumbi da hanji da jini da fata kada a watsar da su a bakin daji da sunan wai namun daji su samu. Wannan ba sadaka ba ce, gayyata ce. A ɗaure a leda biyu a sa a firiza har ranar kwashe shara. Ramin da bai yi zurfi ba, kafin asuba ya tone shi.

Kyanwa maganarta gajera ce: ta zauna a cikin gida. Mun saba a can kyanwa ta fita ta dawo, nan ba haka ba ne. Ƙaramin kare kuma, ga masu shi, igiyarsa kada ta wuce ƙafa 6, kuma a bar irin mai miƙewa da kanta, don kafin ka naɗo ta an gama. Tsakanin magariba da asuba kada a sake shi shi kaɗai ko da minti biyar. Daga Janairu zuwa Maris lokacin barbararsu ne, ciki kwana 63, su haihu daga Maris zuwa Mayu. A waɗannan watanni har babban kare suna far masa, saboda suna ganin ya shigo musu iyaka.

Shinge ne aka fi asarar kuɗi a kansa, don haka bari a tsaya nan. Tsayinsa ya kai ƙafa 6. Kayoti ba tsallakewa yake yi tsaf ba, yana kama saman da ƙafafun gaba ne ya ja jikinsa. Maganin wannan shi ne bututun roba mai faɗin inci 3 ko 4, a zura shi a kan siririn bututu ko waya mai ƙarfi a saman shingen, yadda zai riƙa juyawa. Ya kama, ya zame. Kuskuren da ake yi shi ne a matse bututun da ƙusa har ya daina juyawa, sai ya zama masa matakala. Ƙasa kuma ta fi sama haɗari, don mahaƙi ne. A shimfiɗa ragar waya a ƙasa daga gindin shingen zuwa waje, faɗin inci 18 zuwa 24, a ɗaure ta da shingen, a danne da ƙugiyoyi, ciyawa za ta rufe ta. Yana zuwa gindin shinge yake fara tono, ya ci karo da waya, ba ya tunanin ja da baya. A duba ƙarƙashin ƙofa da inda ruwan sama ya zaizaye. Tazarar da ta wuce inci 4 hanya ce. A kuma janye tarin itace da kwandon shara daga jikin shingen.

Akurki kada a yi shi da siririyar ragar kaji mai idanu masu kusurwa shida. Tana hana kaza fita ne kawai, haƙori na yaga ta. A sayi ragar ƙarfe mai ƙananan idanu na rabin inci, a kafa ta da sukurori masu washa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake zura wa sukuri, ba da 'yan filoli ba, a rufe har sama, a sa sakata mai kullewa. Kaji su shiga kafin a kira magariba.

Mai awaki ko tumaki ya ƙara da wayar lantarki. Ta ƙasa ta yi inci 6 daga ƙasa, kuma abin awo ya nuna bolt 4,000 zuwa 5,000. In wuta ta yi rauni, kusan kullum ɗaya cikin abu uku ne: ciyawa ta taɓa waya tana shanye ta, ko sandunan ƙarfen da aka kafa a ƙasa don haɗa na'urar wutar da ƙasa ba su isa ba, ko ƙasar ta bushe. Sanduna uku, ƙafa 10 tsakaninsu. Manoman nan suna kuma sa jaki gadi, abin da zai ba mutumin Maraɗi dariya, amma yana aiki, don jaki ba ya shiri da dangin kare. Jaka ko dandaƙaƙƙe, guda ɗaya tak. In biyu ne sai su yi zamansu su manta da garke, wanda ba a dandaƙe ba kuwa yana iya kashe 'yan raguna da kansa.

In kun yi ido huɗu da shi, kada a gudu, kada a juya baya. A ɗauki yaro, a ɗaga hannuwa, a daka tsawa, a kaɗa gwangwani mai tsakuwa, a jefa dutse kusa da shi, a ci gaba har ya bar wurin gaba ɗaya. In ya matsa taku goma ya tsaya kuka ƙyale shi, kun koya masa cewa ihun banza ne. Ban da wanda ke kusa da raminsa da 'ya'ya, ko mai tangaɗi, ko wanda ƙazuwa ta cinye wa gashi. Wannan a ja da baya a kira jami'an kula da dabbobi na gunduma. Kisan mutum abu ne mai wuya: biyu aka tabbatar, yarinya 'yar shekara uku a Glendale ta Kalifoniya a 1981, da wata matashiya a Kanada a 2009. Duk da haka kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai a fili.

Wasu sun tambayi batun bindiga da guba. Guba laifi ne, kuma karen maƙwabci ko kyanwarku za ta fara ci. Kama shi a kai wani daji a saki, shi ma doka ta hana a jihar nan. Farautarsa halal ce a shekara duka a wannan yanki, da sharuɗɗan Hukumar Namun Daji ta jiha, amma harbi a cikin iyakar birni haramun ne. Ko an kashe, wani zai gaje wurin, kuma in sun ragu abinci ya yalwata, macen takan haifi da yawa. Wanda ya riga ya saba da mutane, yana bin yara ko yana shiga haraba da rana tsaka, shi ne ake kira wa mai lasisin tarko.

Allurar haukan kare wajibi ce a dokar jihar ga kare da kyanwa daga wata huɗu. In an ciji dabbarku, a sa safar hannu kafin a taɓa ta, a kai ta likitan dabbobi ran nan ko da raunin ɗan huda ne, tare da takardar allurar. In mutum ne, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti.

Wassalamu alaikum.