Bikin buɗe Olamfik na Paris: abin da muka gani, da abin da mutane ke cewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau Talata, 30 ga Yuli 2024, ina muku magana daga Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a arewacin Paris. In kun ji hayaniya a bayana ku yi haƙuri, bakin kasuwa nake, masu kifi da masu gasa masara ne ke ta ciniki.

Tun daren Juma'a da aka yi bikin buɗe Olamfik wayata ba ta huta ba. Daga Maraɗi, daga Kano, daga Kumasi, har daga Jidda, tambayar ɗaya ce: wai abin da muka gani a bidiyo, na izgili da Annabi Isa a bikin, gaskiya ne? Kawuna ma saƙon murya ya aiko, ya ce, "Ɗana, a garin da ake wannan aika-aika kake kwana kake tashi? Ka ji tsoron Allah ka dawo gida." Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri ƙura ta lafa, zan ba ka labari daga tushe." To ga shi nan, na Kawu ne, kuma naku ne.

Ni dai ban je bakin kogi ba. Kujerun da ke kusa da ruwa kuɗinsu ya kama daga yuro 90 har zuwa 2,700, na sama kuma kyauta ne amma sai wanda aka gayyata. Tun 18 ga wata aka killace bakin kogin Seine da shingen ƙarfe, ko gidanka ne a ciki sai ka nuna lambar izini a waya kafin ka wuce. 'Yan sanda da jandarmomi wajen 45,000 aka zuba. Ga shi da asubar ranar wasu suka ƙone wayoyin layin dogo na jiragen ƙasa masu gudu, tafiyar mutum kusan 800,000 ta dagule. Gari a tsorace yake. Shi ya sa muka taru a wani gidan abinci nan kusa, gaban talabijin: mu 'yan Nijar, da 'yan Najeriya, da 'yan Mali, da Tanti mai girki 'yar Kodebuwa, sai wasu dattawa 'yan Aljeriya da ba sa fashin shan shayi a wurin. A Faransa kaɗai mutum fiye da miliyan 23 ne suka kalla.

An fara da ƙarfe 7:30 na yamma agogon nan, wato 6:30 agogon Yamai da Abuja. Ba a taɓa fitar da bikin buɗe Olamfik na bazara daga filin wasa ba sai bana. Aka ɗora 'yan wasa a jiragen ruwa 85, tafiyar kilomita 6 daga gadar Austerlitz har Trocadéro, gaban hasumiyar Eiffel. Ruwan sama kuwa kamar da bakin ƙwarya. 'Yan wasa sun jiƙe sharkaf, amma ba su daina ɗaga tutoci ba.

Abin da ya fara taɓa ni ba shi ne wanda aka tura muku a WhatsApp ba. Ɗaya daga cikin dattawan nan ne ya miƙo mini wayarsa, hannunsa na rawa, ya ce, "Ɗana, duba yaranmu." 'Yan wasan Aljeriya ne suna jefa jajayen furanni cikin kogi daga jirginsu. Na ce, "Alhaji, na mene ne?" Ya ce na mutanen 17 ga Oktoba 1961 ne. A daren nan dubban 'yan Aljeriya suka fito zanga-zangar lumana a Paris, saboda shugaban 'yan sandan birnin, Maurice Papon, ya sa musu dokar hana fita da dare. 'Yan sanda suka far musu, aka kashe mutane da dama, aka jefa wasu cikin wannan kogin. Sai 2001 aka kafa allon tunawa da su a gadar Saint-Michel, kuma sai 2021 Shugaba Macron ya ce laifi ne da ba shi da uzuri. Dattijon ya ce mini yayan mahaifinsa ya fita a daren nan bai dawo ba. Duniya na kallon kogin biki, shi yana kallon makabarta. Duk wanda ke wurin ya yi tsit, muka yi wa mamatan addu'a.

Ba a jima ba kuma wuri ya kaure da ihu. Aya Nakamura ce ta fito. Ga waɗanda ba su san ta ba, a Bamako aka haife ta a 1995, gidan mawaƙan gado, ta girma a Aulnay-sous-Bois, cikin unguwannin talakawa na bayan Paris. A watan Maris, da aka fara raɗe-raɗin za ta yi waƙa a bikin, wata ƙungiyar masu ƙyamar baƙi ta rataya ƙyalle tana ce mata nan Paris ne, ba kasuwar Bamako ba. Marine Le Pen, jagorar 'yan siyasar tsattsauran ra'ayin dama, ita ma ta ce zaɓenta wulaƙanci ne ga Faransawa. Sai ga ta a kan gadar Pont des Arts, bayanta ginin da manyan masu tsaron harshen Faransanci ke zama, gefenta makaɗan rundunar tsaron jamhuriya cikin kakinsu suna buga mata, har suna rausayawa. 'Yan Malin da ke wurin suka miƙe tsaye. Wani saurayi yana dukan tebur yana cewa, "Ga kasuwar Bamako ta zo!" Ni ba ma'abocin waƙarta ba ne, kuma shigarta ba irin wadda zan so wa 'yata ba ce. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa layin sabunta takardar zama cikin sanyi, ko aka tare shi a tashar jirgin ƙasa aka ce ya nuna takardu don launin fatarsa, ya san abin da yaran nan suka ji.

Da jirgin Falasɗinawa ya gifta, kowa ya tafa, ba Musulmi ba Kirista. Da aka kira Nijar kuwa, sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Ku tuna ranar: 26 ga Yuli, shekara guda cif da juyin mulkin Yamai. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba, ofishin jakadancinsu a Yamai a rufe yake, samun biza ya zama wahala ga ɗalibi da mai jinya. Duk da haka ga tutarmu tana ratsa tsakiyar Paris a hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo mana azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi lambar Olamfik ɗaya tak muke da ita, tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich, 1972. Najeriya na biye da mu, Tobi Amusan riƙe da tuta, fari da kore tar. Mu da 'yan uwanmu na Kano da Kaduna muka rungume juna.

Daga nan muka fita sallar magariba, don a wannan lokaci na shekara sai wajen goma saura take yi a nan. Bayan mun dawo ne aka nuno abin da ya tayar da duniya.

Bari in faɗa muku yadda na gan shi. A kan wata gadar masu tafiya da ƙafa aka shimfiɗa dogon tebur. A tsakiya wata mai kiɗa sanye da wani abu mai sheƙi zagaye da kanta, hagu da dama maza masu shigar mata da 'yan rawa sun jeru, har da ƙaramar yarinya a cikinsu. Can kuma aka buɗe wani babban faranti, sai ga mutum shafe da shuɗin fenti, kusan tsirara, yana waƙa. Gidan abincin nan ya yi shiru. Tanti ta kamo hannun jikarta ta tura ta ɗakin girki, ta dawo idonta ya kaɗa, ta ce, "Wannan teburin Ubangijinmu ne suke wasa da shi." Ita ta gane shi nan take, saboda ya yi kama da sanannen zanen Leonardo da Vinci na cin abincin ƙarshe na Annabi Isa, alaihis salam, da almajiransa. Dattijon Aljeriyan nan ya ce mata, "'Yata, ba ke kaɗai aka taɓa ba. Annabinmu ne mu ma." Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Washegari majalisar limaman Katolika ta Faransa ta fitar da sanarwa cewa an yi izgili da Kiristanci. Al-Azhar ta Masar ta yi Allah wadai. Har Jean-Luc Mélenchon, jagoran 'yan hagu wanda ba a san shi da kare coci ba, ya ce bai ga dalilin ɓata wa masu imani rai ba. Wanda ya tsara bikin, Thomas Jolly, ya fito ranar Lahadi ya ce shi ba wancan zanen ya kwaikwaya ba, walimar allolin Girkawan dā yake nufi. Mai magana da yawun masu shirya gasar, Anne Descamps, ta ce ba su yi nufin cin zarafin wani addini ba, kuma suna ba duk wanda ransa ya ɓaci haƙuri.

Jiya a wurin aiki na yi doguwar magana da wani abokina Bafaranshe, mutumin kirki ne, muna cin abinci tare. Ya ce, "Fasaha ce, 'yanci ne, saƙon shi ne kowa ya zo yadda yake." Na ce masa to Sounkamba Sylla fa? Bai ma san ta ba. 'Yar tseren Faransa ce, tana cikin tawagar gudun mita 400 na miƙa sanda, Musulma mai ɗaura kallabi. Tun Satumban 2023 ministar wasanni Amélie Oudéa-Castéra ta ce 'yan wasan Faransa ba za su sa hijabi ba a wannan gasa, alhali 'yan Masar da Saudiyya da Iran suna sanye da nasu, kwamitin Olamfik na duniya bai hana ba. Yarinyar nan ta cancanta da guminta, sai aka ce ba za ta hau jirgi da kallabinta ba. Da magana ta yi zafi ne aka sasanta a kan ta rufe gashinta da hula. Na ce masa, "An samu wurin mai shuɗin fenti a gaban duniya, an rasa wurin ƙyalle ɗaya a kan 'yar ƙasa. Wannan shi ne kowa ya zo yadda yake?" Ya yi shiru, daga baya ya ce bai taɓa haɗa biyun ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma har yanzu yana ci. Bikin Olamfik ba wasan gidan rawa ba ne da mutum ke sayen tikiti ya shiga da saninsa. Iyalai ne ke zaune da 'ya'yansu daga Dakar har Jakarta, kuma ku ne masu masaukin baƙi.

Amma 'yan uwa, mu ma akwai maganar da zan faɗa mana. An turo mini hoton wani kan sa mai ruwan zinariya, ana cewa gunki ne aka kafa don bikin. Ba haka ba ne. Wannan mutum-mutumin yana Trocadéro tun 1937, wani mai sassaƙa Paul Jouve ya yi shi, duk wanda ya taɓa zuwa ɗaukar hoto a wurin ya wuce ta gabansa. Muna da ƙorafi na gaskiya, kada mu gauraya shi da ƙarya har a samu hanyar watsar da shi. Masu aika wa matar nan mai kiɗa saƙon barazanar kisa kuma, ba da yawunmu ba. Annabi Isa ba ya buƙatar wannan irin kariya.

Kurakurai ma an yi. Aka kira 'yan Koriya ta Kudu da sunan Koriya ta Arewa, sai da kwamitin Olamfik ya nemi afuwa. Tutar Olamfik ma a juye aka ɗaga ta. Sai dai ƙarshen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ɗan wasan judo Teddy Riner da tsohuwar 'yar tsere Marie-José Pérec, dukansu baƙaƙen fata masu asali da tsibirin Guadeloupe, su suka kunna kaskon gasar, ya tashi sama a jikin ƙaton balan-balan a lambun Tuileries. Kuma ba wuta ba ce ta gaske, hasken lantarki ne da feshin ruwa. Da Céline Dion ta ɗaga murya daga hasumiyar Eiffel, bayan doguwar jinyar da ta hana ta waƙa, Tantin da ta yi fushi ɗazu tana tsaye da ludayi a hannu tana share hawaye.

'Yan Najeriya a nan kuwa nasu zafin daban ne. Rahotanni sun ce 'yan matan ƙwallon kwando, D'Tigress, sun taso tun daga Lille don bikin, aka ce musu jirgi ya cika, ba su hau ba. Jiya Litinin yaran nan suka doke Ostireliya 75 da 62, nasararsu ta farko a Olamfik cikin shekara 20, ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama. Na kalli wasan da 'yan uwa a Saint-Denis, wallahi muryata ba ta gama dawowa ba.

Alfaga zai shiga fili ranar 10 ga Agusta a Grand Palais. Mu 'yan Nijar mazauna nan muna haɗa kuɗin tikiti, kuma in Allah ya yarda zan ɗauko muku daga can. Ku sa shi a addu'a. Kawu, a gaida Inna da yara, zan kira bayan isha'i. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.