Jawabin Sakatare Kan Tsohuwar Gadar Dutse

Ranka ya daɗe Shugaba, a bar ni in fara da gadar garinmu, sauran rahoto ya biyo baya.

Kun ga hotunan da aka turo daga gida. Ƙafar gadar ta tsakiya ruwa ya zaizaye ƙarƙashinta, kuma masu haƙar yashi da tifa a gindinta ne suka jawo. In aka kwashe yashi, gindin rafi ya zurfafa, ruwan Agusta ya samu hanyar rarake harsashi. Gadar dutse irin tamu ba ta da rodi ko ɗaya. Bakan gizo ne, kowane dutse ya danne ɗan'uwansa, nauyin ya sauka kan ƙafafu. Ƙafa ta motsa kaɗan, baka ya tsage, dutsen tsakiya ya saki, shi ke nan. Ga kuma cediya da ta tsiro a haɗin duwatsu, saiwarta tana buɗe su kowace damina.

Aikin a fili yake. A sare cediyar a kashe kututturen, kada a fizge, don za ta taho da dutse. A jera kwandunan waya cike da duwatsu kewaye da ƙafar. A buɗe ramukan tsiyayar ruwa da suka toshe. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi, zurfinsa ya ninka faɗin haɗin sau 2, a cike da farar ƙasa awo 1, yashi awo 3, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe da wuri. Don Allah kada wani ya ce a shafe ta da siminti! Siminti yana kulle danshi a ciki, dutse ya riƙa ɓarewa.

Duk wannan dole a gama kafin ruwan Yuni, amma asusu babu kuɗi. Haba jama'a! Wasunmu har yau ba su biya kuɗin wata-wata ba. Nan Ingila muna ganin yadda suke kafa allon iyakar nauyi a kan tsofaffin gadojinsu, su sa su cikin rajistar kayan tarihi. Gadar Gwamna Lugga ma, da aka gina a Zungeru a 1904 aka mayar Kaduna, tun 1956 tana cikin kayan tarihin ƙasa. Tamu fa? Kakanninmu ne suka fasa dutsen, suka ɗauko shi a ka zamanin En'e. Ta kanta aka fitar da gyaɗa da auduga, ta kanta ake kai amare, ta kanta kowannenmu ya bar gari. In ta faɗi, ɗan kwangila zai dasa kwalbati, magana ta ƙare.

Sauran rahoto a taƙaice: takardar taron baya an amince da ita, wurin taron Sallah an kama, masu sabunta katin ƙungiya su ga Hajiya.

Takardarmu zuwa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ƙaramar hukuma tana nan, a sa hannu yau. Wanda ake bi bashi kuma, don girman Allah, ya tsaya wajen Malam Ma'aji kafin ya fita. Magina suna jiran kuɗin kwanduna.